Kwanakin da Sule Ya Yi a Kano

Asabar, 30 ga Afrilu, 1977, bayan la'asar

Na sayi wannan littafin yau a Sabon Gari, saboda ba ni da wanda zan yi hira da shi irin hirar da na saba. Watana uku ke nan a Kano, wata goma rabona da Damagaram. A nan ni ne Malam Ja'afaru tafinta. Injiniyoyin kamfani su yi Faransanci in juya wa leburori da Hausa, leburori su yi zagi in ce wa injiniyoyi sun ce to. An ba ni ɗaki a gidan kamfanin da ke Nassarawa, cikin jerin ɗakunan ma'aikata na can ƙarshen gidan, waɗanda a nan ake ce wa boskwata.

Unguwar nan shirunta ya yi yawa. Manyan gidaje, kowanne da shingensa da darbejiyarsa da karensa. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da wanda zai ce maka sannu ba, sai dai mota ta wuce ka da gilashi a rufe. War haka a gida muna ƙofar gidan Zubairu, mu uku, ni da shi da Sule. An shimfiɗa tabarma, butar shayi tana kan garwashi. Sule yana zuba labari, Zubairu yana gyara masa, ni ina dariya. Shekara shida muna koyarwa a makaranta ɗaya, ba mu taɓa yin la'asar a rabe ba sai da dalili.

Ba zan rubuta abin da ya fito da ni ba. Wannan littafin na Kano ne.

Lahadi, 1 ga Mayu, bayan azahar

Tun da na zo, daga ɗaki sai wurin aiki. Yau na yi ƙarfin hali na shiga gari da ƙafa. Na bi ta Bata, na ratsa Kantin Kwari, na shiga cikin birni har kasuwar Kurmi. Garin nan tafasa yake yi. Kowa yana ɗauke da wani sabon abu: wannan da fanka a ka, wancan da rediyo a kafaɗa, wani ya ɗaure firji a bayan akori-kura yana rungume da shi kamar amarya. Motocin siminti sun tare hanya, babura suna kutsawa ta tsakaninsu. Duk inda ka duba ana haƙa harsashin gini. Suna cewa arzikin mai ne.

A Kurmi sau biyu ina ɓata. Lunguna ne masu duhu, kana cikin dukawa sai ka tsinci kanka cikin masu turare. Na tsaya wurin wani mai gyaran agogo, bakina ya suɓuce na ce masa montur ɗina ta tsaya. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, mutumin Faransa ne kai?" Haka suke kiran ƙasarmu a nan.

Na ce, "A'a, daga Maigatari nake."

Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, taki uku ne tsakani."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma ban bar masa agogon ba.

Da Sule yana nan da ya taya kayan rabin kasuwar nan bai sayi ko allura ba. Zubairu kuwa da yana tsugune wurin masu littattafai har a tashi.

Laraba, 4 ga Mayu, da magariba

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Zafi ba a magana.

Mai gadin gidan nan, Malam Inuwa, dattijo ne mutumin Ɓaɓura. Shi kaɗai nake ɗan zama da shi. Yau da na dawo daga aiki ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, an zo nemanka."

"Wane ne, Baba?"

"Bai faɗi suna ba. Bai ma fito daga mota ba. Ya ce nan ne gidan da tafinta yake? Na ce ni ƙofa aka ba ni in tsare, ba a ba ni sunayen mutane ba."

"Wace irin mota?"

"Fijo ce fara. Lambarta ba irin tamu ba ce." Ya dube ni. "Irin taku ce."

Ban taɓa gaya masa daga inda nake ba.

Alhamis, 5 ga Mayu, da safe

Motar tana ƙarƙashin darbejiyar da ke mahaɗar titinmu. Mutum biyu a ciki. Na fita ta ƙofar baya.

Juma'a, 6 ga Mayu, da safe

Tana nan.

Juma'a, bayan la'asar

Sule ne! Wallahi Sule ne.

Na dawo daga masallaci, ina dab da ƙofa sai na ji an ce, "Mushe Ja'afaru!" Mutum ɗaya ne a duniya yake jan sunana haka. Na juya, ga shi tsaye a jikin motar. Muka rungume juna a tsakiyar titi, muna kuka muna dariya. Malam Inuwa ya miƙe da sandarsa, don a wurinsu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, ya zaci zagina aka yi. Sai da na yi masa bayani cewa a wurinmu haka ake kiran malamin makaranta. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya koma ya zauna.

Sule ya rame. Sulen da muke tsokana cewa tabarma ɗaya ba ta isarsa, yau rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ce ya bar koyarwa, yanzu atamfa yake sarowa daga Kano. Wanda ke tuƙa shi sunansa Lawan, wani ƙaton mutum mai yawan shan taba, wai abokin cinikinsa ne. A Fagge suka sauka.

Na ce, "To me ya sa kwana biyu kuna tsaye a bakin titi ba ku shigo ba?"

Lawan ne ya amsa. "Muna so mu tabbatar da gidan ne, Mushe."

Na dafa mana shayi a ɗakina. Na tambayi Uwani matar Sule da 'yarsu Dije, ya ce suna lafiya. Na daɗe kafin in iya tambayar ɗayan.

"Zubairu fa?"

"Zubairu yana gaishe ka. Ya ce komai ya wuce, ka dawo gida."

"An sake shi?"

Lawan ya ce, "An saki kowa."

Ban san sau nawa na yi hamdala ba. Da na miƙa wa Sule shayi, sai ya ce in yi haƙuri da hagu, ya karɓa da ita. Yatsu biyu na damansa ba sa lanƙwasuwa. Ya ga na gani. Ya ce ƙofar mota ce.

Asabar, 7 ga Mayu, da safe

Na tashi ina waƙa, har mai dafa wa Turawa abinci ya leƙo ya ga ko lafiya. Komai ya wuce. An saki kowa.

Lahadi, 8 ga Mayu, da magariba

Ni da na zo jiya-jiya, yau ni ne ɗan gari mai nuna wa baƙi hanya. Na kai su filin jirgin sama muka tsaya jikin waya muna kallon jirage suna sauka. Wani alhaji ya fito da akwatuna har ya cika mota biyu, ya rasa inda zai zauna da kansa. Sule ya ce, "Wannan ai sai ya bi kayansa da ƙafa." Ya kwaikwayi tafiyar mutumin, na yi dariya har na riƙe waya. Na ɗan lokaci na ga Sulen da na sani.

Daga nan muka tafi gidan namun daji. Mun ga zaki yana barci, mun ga jimina. Da muka zo kejin kura, tana kai da komowa daga wannan bango zuwa wancan, Sule ya tsaya cak. Gumi ya keto masa. Ya ce warin wurin ne, ya juya ya fita, muka same shi a jikin mota yana kallon ƙasa.

Abu ɗaya na lura. Duk inda muka tsaya, Lawan yana tsakaninmu. In na ja Sule gefe in nuna masa wani abu, sai in ji warin taba a kafaɗata. Har alwala tare suke yi.

Na sake tambayar Zubairu, ko ya koma koyarwa. Sule ya ce, "Zubairu yana gaishe ka. Ya ce komai ya wuce, ka dawo gida."

Kalmomin ranar Juma'a ne, ba ragi ba ƙari.

Talata, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Sun zo da wasiƙa. Lawan ya ce ta shige cikin kaya ne, sai yau suka gan ta. Daga Zubairu, wai. Layi bakwai. Yana lafiya, an mayar da shi aiki, manya sun yafe, mahaifiyata tana nemana. A ƙasa an sa sunansa.

Da keken rubutu aka buga ta.

Zubairu bai iya keken rubutu ba. A cikinmu mu uku ni kaɗai na iya. Ai duk maganar ke nan. Bara, lokacin da ake ganin hatsin agajin fari a kasuwa alhali ƙauyuka ba su samu ba, mu uku muka zauna muka tsara wata takarda a kan haka. Ni na buga ta a keken makaranta, mabuɗin ofis kuwa a hannun Zubairu yake. Ta zaga gari, ta kai inda ta kai.

Na ce ba zan rubuta wannan ba. Ya isa haka.

Wataƙila wani ya buga masa. Wataƙila shi ma hannunsa ya sami irin abin da ya sami na Sule.

Laraba, 11 ga Mayu, da safe

Na sake karanta wasiƙar. Ba inda ya tsokane ni ko sau ɗaya. Zubairu bai taɓa rubuta min layi biyu ba tsokana ba.

Alhamis, 12 ga Mayu, da magariba

Hadari ya sake haɗuwa, iska ta kakkarya rassa, ruwa bai sauka ba.

Bayan aiki na taka har Gawuna, inda gidajen Turawa suke ƙarewa gari ya koma gari. Awaki, hayaƙin girki, mata suna daka. Wata tsohuwa tana sayar da fura a ƙofar gida, na zauna na sha. Ba ta kai ta gida ba, gerorsu ba irin namu ba ne, amma da na rufe ido sai na ga unguwarmu: dutsen nan da ke bayan makaranta, rijiyar da Sule ya taɓa jefa hularsa a ciki, zauren Zubairu da littattafansa a cikin kwali.

Ina so in koma. In faɗi gaskiya ko da a littafin nan ne: ina so in koma har ƙirjina yana ciwo. A nan ba wanda ya san sunan ubana. In na faɗi a titin Nassarawa sai dai mota ta kauce min.

A hanyar dawowa na saya wa Zubairu hula, shuɗiya mai aikin hannu. Yana da babban kai, na sa mai hular ya zaɓo mafi faɗi.

Asabar, 14 ga Mayu, bayan azahar

Lawan ya same ni a wurin aiki, shi kaɗai. Ban taɓa gaya musu inda muke gini ba. Ya tsaya a inuwar motar siminti yana busa taba har na gama da injiniya.

"Ina Sule?"

"Yana hutawa. Zafin garin nan bai karɓe shi ba." Ya yar da guntun tabar ya take. "Mushe, ranar Laraba za mu juya. Akwai wuri a mota. Ƙarfe tara a masaukinmu."

Na ce sai na sallami kamfani.

"Kamfani ba zai rushe ba. Tsohuwarka fa tari take yi tun sanyin bana. Har yanzu tana ɗakin nan na kusa da bishiyar kurna, ko? Na gaishe ta kafin mu taso. Mace mai kirki."

Yana murmushi yake faɗa. Na ce to, Allah ya kai mu Laraba.

Lahadi, 15 ga Mayu, da safe

Na ce musu ba za su bar Kano ba su hau Dala ba. Ban san me ya sa na nace ba. Na sani.

Lahadi, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, daga nan ba zan sake karantawa ba.

Bayan la'asar muka je. Lawan ya dubi dutsen, ya dubi takalmansa, ya fara hawa. Bai kai rabi ba ya tsaya yana haki yana tari. Ya ce mu je, yana ganinmu daga nan. Ya zauna ya kunna taba, fuskarsa a sama.

A can bisa Kano duk tana ƙarƙashinka. Gidajen ƙasa jajaye har iyakar gani, babban masallaci da koriyar ƙubbarsa, Goron Dutse a gefe, can nesa hayaƙi yana tashi. Sule ya miƙa hannun hagu yana nuna gabas, yana murmushi.

"Ka dubi inda nake nunawa. Ka yi ta fara'a. Kada ka dube ni."

Na dubi inda yake nunawa.

"Zubairu ya rasu tun cikin azumi. Ɗaki ɗaya aka kulle mu. Ni na rufe masa ido."

Na juyo zan dube shi. Ya riƙe min gwiwar hannu kamar mai wasa.

"Nuna min wani abu. Yana kallonmu."

Na ɗaga hannu na nuna masallaci. Hannun ba nawa ba ne.

"Kada ka shiga motar nan, Ja'afaru. Ba gida za ta kai ka ba."

Sai na ji bakina yana faɗin abin da wata goma ban faɗa wa kowa ba. Na ce, "Sule, ranar nan da azahar aka gaya min. Uban wani ɗalibina ne ya zo ya ce kafin magariba za a zo kama mu. Gidanka ya yi nisa, amma gidan Zubairu a kan hanyar tasha yake. Na tsaya a ƙofarsa. Ban yi sallama ba. Na ji tsoron kada ya ce in jira shi ya sallami iyali, mota ta tashi ta bar ni. Na wuce."

"Ya sani. Yana cikin zaure, ya gan ka da jaka a hannu."

"Me ya ce?"

"Ya ce gara da ba ka shigo ba, da ya riƙe ka sai ka sha shayi." Sule ya yi dariya, ta gaske, hawaye yana bin hancinsa. "Kwana arba'in suna tambayarsa wa ya buga takardar nan. Ya ce shi ne. Suka kawo keken suka ajiye masa, suka ce buga mu gani. Bai ma san inda ake sa takarda ba. Duk da haka ya ce shi ne."

"To wa ya gaya musu ni ne?"

Ya sauke hannunsa.

"Ni. Ranar da suka yi min wannan." Ya ɗan motsa damansa. "Yatsan farko na jure. Na biyun ne ban iya ba."

Ban ji haushinsa ba. Na nemi haushin a cikina ban samu ba. Wa zan ji wa haushi?

Na ce, "To ka tsaya a nan. Garin nan yana haɗiye mutum, ba wanda zai gan ka."

"Uwani da Dije suna can. An gaya min sarai dalilin da ya sa aka bar su a gida."

"In ka koma ba tare da ni ba fa? Me za su yi maka?"

Ya sake miƙa hannu. "Wancan hayaƙin na mene ne?"

"Masana'antun Bompai ne."

"Kai, Kano ta yi kyau," in ji shi.

Lawan ya ɗaga mana hannu daga ƙasa. Muka sauko. Ya ce, "Me kuka gani?" Sule ya ce, "Gari har ya gaji da kansa." A mota suka yi ta hira a kan atamfa.

Litinin, 16 ga Mayu, da safe

Ban je aiki ba. Hular tana kan gado, ban san inda zan kai ta ba.

Litinin, bayan la'asar

Motar ta dawo ƙarƙashin darbejiya. Mutum ɗaya a ciki.

Talata, 17 ga Mayu, da safe

Tana nan.

Talata, bayan azahar

Malam Inuwa ya ƙwanƙwasa min ƙofa da kwanon tuwo, ya ce kwana biyu bai ga hayaƙi a rishona ba. Ya zauna a bakin ƙofa. Ban shirya gaya masa ba, amma na gaya masa duka, har da ƙofar da na wuce. Bai katse ni ba.

Na ce, "Baba, in na ƙi zuwa, a kansa za ta ƙare."

"In ka je, za su bar shi?"

"Ban sani ba."

"Tsohuwarka fa, in ka je za su kai ka wurinta?"

Na dubi kwanon tuwon.

"Ni ban yi boko ba, Malam, amma a bakin iyaka aka haife ni, na ga irin motar nan ba sau ɗaya ba. Abokinka ya fi ka saninsu. Ya hau dutse ya gaya maka, yana sane da abin da zai biyo baya. Kai kuma kana so ka mayar da wahalarsa ta banza?"

"Na taɓa barin ɗaya."

"Wancan kai ka zaɓa. Wannan shi ya zaɓa." Ya tura min kwanon. "Ci. Ƙanena yana Kaura Goje, yana da ɗaki a zaure. Gobe da sassafe ka bi ta ƙofar baya, ka ce ni na turo ka. In mai taba ya tambaye ni, ni ƙofa aka ba ni."

Na haɗa jakata. Jaka ɗaya ce ko ina za ni.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar, Kaura Goje

Na fita ta ƙofar baya bayan sallar asuba, amma ban nufi Kaura Goje ba. Fagge na nufa. Har na isa ban san abin da zan yi ba.

Akwai shagon tela daura da masaukinsu. Na shiga na ce a gwada ni, za a ɗinka min riga. Telan ya gwada, ya rubuta, na ce zan ɗan huta. Ya ba ni benci a bayan yadudduka da aka rataye, inda nake ganin titi.

Motar tana ƙofar masauki, an ɗaure dilar atamfa ɗaya a samanta. Sule yana zaune a kan benci da kofin shayi a hagunsa. Lawan yana kai da komowa.

Tara ta yi. Na miƙe da jakata. Na kai bakin shagon, ƙafata ɗaya a waje. Daidai nan Sule ya ɗago kai. Idonsa ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina, ya tsaya. Bai yi murmushi ba, bai girgiza kai ba. Sai ya tashi, ya juya min baya, ya dafa kafaɗar Lawan yana nuna masa wani abu a can ɗaya ƙarshen titin. Ya yi ta magana, ya yi ta magana, yana yi da hannu kamar yadda yake yi a ƙofar gidan Zubairu, har Lawan ya yi dariya.

Na koma bayan yadudduka na zauna.

Goma ta yi. Lawan ya shiga mota ya tafi, wani mutum da ban taɓa gani ba ya fito daga masauki ya zauna kusa da Sule. Nassarawa Lawan ya je, na sani. Da ya dawo ba ya dariya. Ya tsaya a kan Sule ya yi magana a hankali, ta daɗe. Sule ya buɗe hannuwansa biyu, alamar shi ma bai sani ba.

Sha ɗaya da rabi Lawan ya buɗe ƙofar baya ta motar. Duk kwanakin nan a gaba Sule yake zama. Ya shanye shayinsa, ya mayar wa mai shayi kofinsa, ya yi masa godiya, ya shiga. Ɗaya mutumin ya shiga ya zauna a gefensa. Sule bai waiwayo ba.

Telan ya ce, "Malam, rigar nan wane launi?" Na ce kowanne.

Alhamis, 19 ga Mayu, da safe

An yi ruwa jiya da yamma, mai yawa. War haka tuni sun ƙetare iyaka.

Alhamis, da magariba

Malam Inuwa ya aiko cewa ba mota a mahaɗa. Ya ce duk da haka kada in dawo. Ƙanensa ya san wani mai kai kaya Jos, ya ce a can ma ana gine-gine, ana neman mai jin Faransanci. Wani sabon garin ke nan. Wasu lungunan da zan koya.

Ban iya tuna ko na ce wa Sule na yafe masa ba. Ina ga ban ce ba. Shi ma bai ce min ba. Muna ta nuna masallaci.

Juma'a, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Na roƙi ƙanen Malam Inuwa ya haɗa ni da limamin masallacin unguwar nan, ƙaramin masallaci ne na ƙasa, sahu uku. Matar gidan ta soya waina aka kai sadaka. Bayan an sallame na matsa kusa da liman na ce ina da mamaci a nesa, ban samu jana'izarsa ba, ina so a yi masa addu'a. Mutum goma sha wani abu suka tsaya, ba wanda ya san ni, ba wanda ya san shi. Suka gyara zama.

Liman ya ce, "Yaya sunansa?"

Na ce, "Zubairu. Malamin makaranta ne."

Ya ɗaga hannuwansa, sai ya dakata ya dube ni, don ya ga bakina bai rufe ba.

"Shi kaɗai ne, Malam?"

Na ce, "A iya sanina."